Farantin sola a saman Golf: robar tiyub ba za ta kai shi Shinkafi lafiya ba

Kafin ɗayanmu ya sayi waya sai ya yi mako guda yana bincike. RAM nawa gare ta, batirinta yana kai wuni, kyamararta tana ɗaukar hoto da dare? Ranar da ya biya kuɗin kuwa ba zai bar shagon ba sai an manna mata gilashi a fuska, an sa mata rigar roba, don kada ta faɗi ta fashe. Amma shi wannan mai taka-tsantsan ɗin, ranar da ya tara kuɗi ya sayi farantin sola biyu a Gusau don shagonsa na cajin waya ko na POS, sai ka ga ya miƙa su ga 'yan lodi a tasha. A ɗora a saman Golf, a zagaye da baƙar robar da aka yanko daga tsohon tiyub, a ja a ƙulle, shi kuma ya shige mota ya ci gaba da latsa waya. Alhali gilashin da ke saman kansa ya ninka fuskar wayar tasa faɗi fiye da sau 200.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya fi ƙarfin mutane da yawa, sola ta zama ita ce mafita a Kaura da Zurmi da Shinkafi. Jirgin ƙasan da ya iso Kaura Namoda a 1929 yau ba shi ke kawo mana kaya ba, komai ta kwalta yake zuwa, cikin Golf da Sharon da bas. Don haka yadda ake ɗaure faranti a mota ya zama maganar da ta shafi aljihun duk mai shirin sa sola. A ganina robar tiyub ba ta dace da wannan kayan ba sam, kuma hanyarmu ta fi ta kowa bukatar ɗauri mai kyau, saboda wani dalili da zan zo kansa.

Akwai wasu bidiyoyi da ke yawo a YouTube na Turawan Suwidin da Kanada da Suwizalan suna nuna yadda ake ɗaukar allon zamiyar ƙanƙara a saman mota. Wani allo ne da suke takawa da ƙafa biyu su gangaro daga kan dutse lokacin sanyi. Tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi, faɗinsa bai wuce taƙi guda da ɗoriya ba, nauyinsa 'yan kilo kaɗan. An ƙera shi ne don a taka shi, a yi tsalle da shi, a buga shi da ƙasa. Duk da haka ba sa aza shi a kan rufin mota kai tsaye. Sanduna biyu suke kafawa a gicciye, a kan kowace sanda akwai maƙali mai leɓen roba da ke cije allon sama da ƙasa, a rufe da makulli. Kamfanin Thule na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1942, da irin waɗannan ƙarafan saman mota ya yi suna a duniya. Abin da suka gane shi ne, kayan da ke da faɗi kuma ba shi da kauri ba nauyinsa ne matsala ba, iska ce. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da kayan da ya ninka allonsu faɗi sau shida ko bakwai, kuma namu gilashi ne.

Ni aikina rubuta manhaja ne, ba injiniya ba ne, sai dai lissafin nan bai wuce wanda aka koya mana a fiziks na sakandare ba. Ɗauki babban farantin nan mai wat 550 da ya cika kasuwa yanzu. Tsawonsa kusan mita 2.3, faɗinsa mita 1.1 da 'yan kai, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. Idan mota tana gudun kilomita 100 a awa, iskar da take ratsawa tana tura duk murabba'in mita ɗaya da ya fuskance ta da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 47. Farantin ya haura murabba'in mita biyu da rabi. Ke nan da a tsaye yake yana kallon gaba, da turin zai kai kilo 120. A kwance yake, saboda haka ba duka yake sha ba. Amma ko kashi ɗaya cikin huɗu ya shiga ƙarƙashinsa, kilo 30 ke nan, ya riga ya fi nauyin farantin kansa. Daga nan ba nauyinsa ke riƙe da shi ba, abin da aka ɗaure shi da shi ne kawai.

Kuma ƙarfin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, turin iska sau huɗu yake ninkawa. A kilomita 50 bai wuce kilo 12 a murabba'in mita ba, shi ya sa a cikin garin Gusau komai yake zaune lafiya har mai kaya ya saki jiki. A kilomita 120 ya kai kilo 68. Sai a haɗa da iskar hunturu in tana busowa ta gaba, ko guguwar farkon damina, ko bugun iskar nan da tirela ke yi wa ƙaramar mota in sun yi gilma.

To me roba take yi a wannan hali? Miƙewa. Aikinta ke nan, don shi ake son ta. A kan buhun masara ko katifa ko daurin rake babu abin da ya kai ta, domin kayan yana lotsawa ita kuma tana binsa tana matsewa. A kan faranti kuwa wannan halin nata shi ne aibinta. Iska ta ɗaga gaban farantin da ɗan yatsa ɗaya, roba ta ba da hanya. Da ya ɗagu sai ƙarin iska ta samu ƙofa, ta ƙara ɗaga shi. Roba ta ja shi ya dawo ya bugi rufin, iska ta sake ɗagawa. Wannan ƙarar faf-faf da fasinja ke ji a saman kansu, wadda direba ke cewa ba komai, farantin ne ke lanƙwashewa yana miƙewa sau ɗaruruwa kafin a kai Kaura. Ga shi 'yan lodi sun fi son su ratsa robar ta tsakiyar gilashin, daidai inda ya fi rauni. Masu ƙera shi kuwa a jikin firam ɗin alminiyam na gefe suka ce a kama shi, ko a kan rufin ɗaki ma.

Wani zai ce ai mun sha kawowa haka kuma bai fashe ba. Nan ne inda abin ya fi ba ni haushi, domin gilashin ba shi ne ke fara mutuwa ba. Gilashin sama kaurinsa yakan kai milimita 3.2 kuma an gasa shi ya yi tauri, yana jure wahala. A ƙarƙashinsa ne ƙwayoyin silikon suke, waɗancan murabba'ai masu duhu da ke mayar da hasken rana lantarki, kuma kaurin kowace bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Sun fi ɓawon ƙwai siranta. In faranti ya lanƙwashe, gilashi zai iya komawa daidai, ƙwayar kuwa ta tsage, tsagar da ido ba ya gani. A masana'anta sai an shigar da farantin ɗaki mai duhu an tura masa lantarki an ɗauki hotonsa da kyamara ta musamman sannan tsagar ke fitowa.

Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan cutar. Kuskuren da ya hana manhaja tashi gaba ɗaya mai sauƙi ne, nan take za ka gan shi ka gyara. Mugun shi ne wanda ke barin komai ya yi aiki ranar gwaji, sai bayan wata uku mutane na amfani ya fara cin bayanansu. Haka tsagar nan take. Ranar da aka kafa farantin zai kawo wuta, kowa ya yi murna. Sai zafin rana ya buɗa tsagar, sanyin dare ya tsuke ta, yau da gobe wani yanki na ƙwayar ya yanke daga sauran. Da yake ƙwayoyin a jere suke kamar sarƙa, mai rauni ɗaya tana rage wa layinta duka ƙarfi, ita kuma ta riƙa ɗaukar zafi. Bayan wata shida mai shago ya ga batiri ba ya cika kafin la'asar. Zai zagi mai sayar da batiri, zai zargi wanda ya haɗa masa, zai ce farantin jabu ne. Ba zai taɓa tuna tafiyar awa ɗaya a saman Golf ba. Garantin shekara 25 da ake rubutawa a jikin kwali kuwa bai shafi ɓarnar da aka yi wajen ɗauko kaya ba, ko da a ce akwai wanda zai saurare ka.

Abin takaici, farantin nan ya taso tun daga Chana, a tsaye a kan gefensa, an jera shi da 'yan uwansa cikin kwantena, kowace kusurwa da kwalinta. Ya ƙetare teku zuwa Legas, ya hau tirela zuwa Kano, ya biyo ta Funtuwa da Tsafe ya iso Gusau. Sai a kilomita 60 ɗin ƙarshe za a kashe shi.

Yanzu ga dalilin da na ce hanyarmu ta fi ta kowa bukatar ɗauri mai kyau. Duk shawarar da Bature zai ba ka a kan kayan saman mota tana tsaye ne a kan abu biyu: ka rage gudu, kuma ka tsaya bayan 'yan kilomita ka duba ɗaurin. Mu duka biyun ba a hannunmu suke ba. Wanda ya san hanyar Kaura zuwa Shinkafi ta Moriki, ko ta Kaura zuwa Zurmi, ya san cewa direba ba don jin daɗi yake taka mota a wasu wurare ba. Akwai dajin da ba a rage gudu a cikinsa, balle a tsaya. Idan roba ta saki a irin wannan wurin, ba direban da zai faka ya hau saman mota yana gyara, kuma ba fasinjan da zai yarda a faka saboda farantin wani. Ni ma in ina cikin motar ba zan yarda ba. Saboda haka ba na cikin masu cewa a roƙi direba ya tafi a hankali. Zai ce maka to, in an kai inda ake gudu ya yi gudunsa, kuma yana da gaskiya. Kayan ne za a ɗaure don gudun da aka san za a yi, sau ɗaya, tun a tasha. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle a tsakiyar daji.

Kuma ba asarar mai kaya kaɗai ake magana ba. Faranti mai kilo 28, gilashi da alminiyam mai kaifin kusurwa, in ya tashi daga saman mota mai gudu, ɗan kabu-kabun da ke biye da goyon mutum biyu shi zai tarbe shi da ƙirji. Akwai kuma wata ɗabi'a da nake so a bari ko da ba sola aka ɗauko ba: a rufe ƙofofi sannan a zura igiya ta tagogi a zagaye rufin. An ɗaure kaya, an kuma ɗaure ƙofofin mota da mutane a ciki. A hanyar da kowa ke addu'ar kada ya bukaci fita da sauri, wannan ganganci ne. In dole sai igiya ta ratsa cikin mota, a buɗe ƙofofin a ratsa ta, sannan a rufe su a kanta.

Abin da na fi so shi ne farantin kada ya hau sama ma. A tsaye a kan dogon gefensa, a cikin mota, kwali tsakanin kowane biyu, an jingina shi an ɗaure kada ya yi rawa, haka ya fi zama lafiya, kamar yadda ya zo a kwantena. Wannan yana nufin tun wajen saye za ka tuna da hanya. Kowa yana rububin mai wat 550 saboda lambar ta fi girma, amma mai wat 300, wanda tsawonsa bai cika wuce mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba, ya fi sauƙin shiga bayan bas ko Sharon in an kwantar da kujera. Ka sayi kujerun layin baya ka biya kuɗinsu. Kuɗin kujera uku daga Gusau zuwa Shinkafi ba zai kama ƙafar kuɗin faranti ɗaya ba. In manya ne kuma da yawa, ku haɗu ku uku ko huɗu masu saye ku yi shatar a-kori-kura ko Hilux, a tsayar da su a baya. Masu shagunan caji duk sun san juna, suna guruf ɗaya a WhatsApp, haɗa irin wannan tafiyar ba zai gagara ba.

In kuwa ba makawa sai saman, to rufin mota yana da iyaka, kuma a rubuce take a littafin motar. Na Golf kilo 75 ne, har da nauyin kariyar ƙarfen kanta. Manyan faranti biyu sun ci kilo 56. Ka sa kariya, ka sa katako, ka cike. Na uku ya zama ƙari, kuma nauyin da ke sama shi ne ke sa mota tangaɗi in direba ya kauce wa rami da sauri. Rufin Golf bai kai farantin tsawo ba, dole wani sashe ya leƙo. Ya leƙo ta baya, kada ya leƙo ta saman gilashin gaba, domin nan ne iskar da ta hauro daga bonet take bugowa sama. A shimfiɗa falankin filawud mai ƙafa 8 da ƙafa 4 a ƙasa, girmansa ya rufe farantin daidai, ya hana shi lanƙwashewa. A aza faranti masu girma ɗaya, firam a kan firam, kwali a tsakani, wayoyin baya an manne su da salatif kada kawunansu su riƙa dukan bayan farantin. Kada a ɗora ko jakar goyo a kan gilashin.

Ɗaurin kuma da bel za a yi, irin mai faɗin nan da ake matsewa da maƙalin ƙarfe, ƙanen wanda direbobin tirela ke ɗaure siminti da shi. Ba ya miƙewa. Guda biyu a gicciye, ɗaya kusa da gaba ɗaya kusa da baya, kwali a ƙarƙashinsu inda suka hau kan firam. A matse har farantin ya daina motsi in ka girgiza shi da hannu, a tsaya nan. Bel ɗin yana da ƙarfin da zai iya murɗe firam in aka yi masa ja irin na buhu. Ka saya naka ka zo da shi, kada ka sa ran samu a tasha. Dubawa ta biyu kuma a yi ta a gidan mai na ƙarshe kafin a bar gari, ko a shingen jami'an tsaro inda dama mota za ta tsaya.

Na san yadda hirar ke kaya wa. Za ka ce, “Baba, don Allah da bel ɗin nan za a ɗaure.” Zai dube ka ya ce, “Yaro, tun ba a haife ka ba nake lodi a tashar nan.” Gaskiya ya faɗa, kuma ya fi ka sanin buhu da akuya da babur nesa ba kusa ba. Kada ka ja da shi a kan wannan. Ce masa kayan ne sabo, cikinsa kamar ƙwai yake, ka ƙara masa wani abu a kan ladansa, ka riƙe ɗaya gefen bel ɗin da kanka. Yawancinsu in sun ga mai kaya ya damu su ma suna damuwa.

Wayar da ke hannunka ma tana da aiki a nan. Ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan farantin, a nan nauyinsa da lambarsa da ƙarfin wutarsa suke. Ɗauki bidiyon gaba da bayansa a shago kafin ka biya, ka sake ɗauka bayan an ɗaure. In za ka iya, a fitar da shi rana a gwada a gabanka, ka rubuta abin da mita ta nuna, in an isa gida a sake gwadawa a irin wannan lokacin na rana. Sai dai kada bolt ya ruɗe ka. Faranti mai tsaga yakan nuna bolt ɗinsa kusan cikakke, wajen 49 ko 50 ga mai wat 550. Amfiya ce ta fi tona asiri, ita kuma takan kai 14 a tsakar rana, alhali ƙananan mitocin kasuwa a 10 suke tsayawa, za ka iya ƙona taka. Bar wa mai haɗa maka ya auna da mitarsa mai baki kamar ƙaguwa.

Batiri da talabijin ba su da wurin zama a saman mota ko kaɗan. Babban batirin ruwa ɗaya yakan kai kilo 60, a ƙasa yake zama, a tsaye, kada ruwansa ya zube. Na litiyam ba ya son a gasa shi a rana. Talabijin mai faɗin fuska kuwa a tsaye ake ɗaukarta cikin kwalinta, don in ta kwanta tsakiyar fuskar ba ta da abin da ke tallafe da ita.

Wanda nake jira ya shigo maganar nan shi ne mai walda. Kariyar da ake ƙerawa a garuruwanmu don buhu da jarka aka yi ta, gajera ce mai kewayen ƙarfe, babban faranti ba ya zama a cikinta, sai dai ya hau kan kewayen ya yi lilo. Wadda sola ke bukata shimfiɗaɗɗiya ce, tsawon mita 2.3, da sanduna uku ko huɗu a gicciye da aka naɗe da roba (ga inda tsohon tiyub zai yi amfani), da kunnuwan da za a maƙala bel, da ɗan ƙarfe a karkace a gaba da zai kore iska ta bi ta sama. Muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a nan Kaura Namoda, kuma duk shekara ɗaliban injiniya suna neman aikin kammala karatu. Ɗaya daga cikinsu ya zana ta, ya auna nauyinta kada ta wuce kilo 15, ya ba masu walda zanen kyauta. Direban farko da ya sa ta a motarsa a layin Gusau zuwa Shinkafi, masu sayar da sola da kansu za su riƙa ba da lambar wayarsa.